Tambayoyi da Amsoshi a Kan Kare Ƙasan Mota Lokacin Ɗaga Ta da Jak

Masu motoci a Sakkwato suna kula da fenti da gilashi da kujeru, amma ƙasan mota, da yake ido ba ya kaiwa gare shi, sai ranar da aka ga baƙin mai yana ɗiga ko ƙofa ta ƙi rufuwa daidai ake tunawa da shi. Kaso mai yawa na ɓarnar da nake gani a ƙasan motoci ba ramukan hanya ne suka yi ta ba, jak ne da aka kafa a inda bai dace ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu, tare da amsoshinsu.

Me ya sa jak yake lalata ƙasan mota, alhali don ɗaga mota aka ƙera shi?

Dalilin shi ne taruwar nauyi a wuri guda. Ƙaramar mota irin Toyota Corolla tana da nauyin kilo 1,200 zuwa 1,300, kuma tayoyi huɗu ne suke raba wannan nauyin a tsakaninsu. Da zarar an kafa jak an fara ɗagawa, sai ɗaruruwan kilo su koma kan ɗan wurin da faɗinsa bai wuce gindin kofin shayi ba. Fallen ƙarfen da aka yi daɓen mota da shi kuwa siriri ne, kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba, kuma ƙarfinsa ya samo asali ne daga yadda aka lanƙwasa shi aka haɗa shi da sauran sassa. Saboda haka masu ƙera mota suka zaɓi wasu 'yan wurare suka ninka ƙarfe a cikinsu domin su ɗauki jak. Duk wanda ya kauce wa waɗannan wurare, ko da da faɗin tafin hannu ne, ya ɗora nauyin a kan ƙarfen da ba a shirya shi don haka ba.

A ina waɗannan wurare suke, kuma yaya zan gane su?

A ƙananan motoci irin Corolla da Camry da Honda Accord da Golf, idan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin ƙofofi za ka ga wani siririn leɓen ƙarfe da ya miƙe tun daga bayan tayar gaba har zuwa gaban tayar baya. Wannan leɓe shi ne inda aka haɗa fallayen gefen mota da na daɓenta da walda. Wuraren jak guda huɗu ne, biyu a kowane gefe: ɗaya kamar taƙi guda ko biyu a bayan tayar gaba, ɗaya kuma kamar haka a gaban tayar baya. Alamarsu a motocin Toyota da yawa ita ce 'yan gibi biyu da aka yanka a jikin leɓen, kuma a tsakaninsu ake kafa kan jak. A wasu motocin ƙaramar kibiya ce ko alama mai kusurwa uku a jikin robar gefe, a wasu kuma, irin BMW da Mercedes da dama, wani dunƙulen roba ne aka maƙala a wurin.

A garinmu laka da jar ƙasa sukan toshe waɗannan alamomi, don haka sai an goge wurin da tsumma an haska da fitilar waya kafin su bayyana. Littafin da ya zo da motar yana da zanen wuraren, kuma sau da yawa akwai irin wannan zane a takardar da aka liƙa a jikin jak ɗin kansa. Shawarar da na fi nanatawa ita ce mutum ya nemo wuraren nan huɗu a gida, da rana, hankalinsa kwance, domin a kan hanyar Gusau ko ta Illela ba kowane wuri ne ake son daɗewa a tsaye ba, kuma mai gaggawa ba ya tsayawa neman gibi a jikin ƙarfe.

Shin Hilux da Land Cruiser ma haka ake ɗaga su?

A'a. Waɗannan motoci, har da Prado, an ɗora jikinsu ne a kan shasi, wato manyan ƙarafa biyu masu siffar tsani da suka ratsa daga gaba zuwa baya. Jak ɗinsu yana zama ne a ƙarƙashin shasin ko gindin da littafin motar ya nuna idan gaba za a ɗaga, idan kuma baya ne, a ƙarƙashin aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, kusa da tayar da ake son cirewa. Gefen jikinsu da matakalar da ake takawa a shiga ba su ɗaukar nauyin motar, kuma matakala takan lanƙwashe tun kafin taya ta bar ƙasa.

Waɗanne wurare ne bai kamata jak ya taɓa ba ko kaɗan?

Na farko kuma mafi tsadar gyara shi ne kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji. Yana ruɗar mutane saboda shimfiɗaɗɗe ne, yana kuma tsakiya, kamar an yi shi ne don jak. Idan na alminiyam ne, tsagewa yake yi, mai ya riƙa zuba. Idan na ƙarfe ne, lotsawa yake yi, kuma wannan ya fi haɗari domin ba a ganin ɗigon komai. A cikin kaskon akwai bakin bututun da famfon inji yake zuƙo mai da shi, kuma tazarar da ke tsakaninsa da gindin kaskon kaɗan ce. Idan gindin ya lotsa ya matse wannan baki, mai zai ragu a cikin inji ba tare da direba ya sani ba, musamman a doguwar tafiya cikin zafin rana, har wata rana injin ya buga. Mai motar zai zargi mai ko bakanike, ba zai tuna da ranar da aka canja masa taya ba.

Bayan wannan akwai kaskon giya a motoci masu canja giya da kansu, da ƙarfen da yake riƙe da lagireto a gaba, da tankin mai, da salansa tare da tukunyar tace hayaƙi da bakanikai suke kira indomi, da bamba, da kuma daɓen da fasinja yake ɗora ƙafa. Haka nan siraran sandunan sitiyari da na ƙafar mota suna lanƙwashewa, sai motar ta fara cin taya ta gefe guda. A lura kuma da siraran bututan birki da na fetur, waɗanda a motoci da yawa suke bi ta ƙarƙashin daɓe ba nesa da leɓen gefe ba. Bututun birkin da jak ya matse yana iya ci gaba da aiki na wani lokaci kafin ya fashe a inda ya raunana.

Me ya sa leɓen motata ya lanƙwashe bayan na je wurin mai faci, alhali a daidai wurin ya kafa jak?

Saboda wurin daidai ne amma kan jak ɗin bai dace da shi ba. Jak mai kama da almakashi da yake zuwa da mota yana da tsaga a kansa, wadda leɓen yake shiga ya zauna daram. Jak ɗin masu faci kuwa, ko dai mai siffar kwalba ne mai ɗan ƙaramin kai na zagaye, ko kuma dogo mai tayoyi da kansa yake kamar faranti mai haƙora. Idan siririn leɓe ya hau kan irin wannan ƙarfe babu komai a tsakani, ƙaramar karkata ta isa ta kwantar da shi gefe, fenti ya ɓare, waldar ta buɗe.

Akwai wani dalili na biyu da ba a cika lura da shi ba. Hannun jak mai tayoyi ba ya tashi a miƙe, yana tashi ne yana komowa baya, don haka dole jikin jak ɗin ya gangara gaba a hankali yayin da motar take hawa. A kan daɓen siminti wannan yana faruwa da kansa. A kan yashi, kamar yadda yawancin rumfunan faci na bakin titi suke, tayoyin jak ɗin sukan nutse su ƙi motsi, sai kan jak ɗin ya riƙa jan leɓen zuwa waje har ya lanƙwasa shi ko ya zame gaba ɗaya.

Me zan sa a tsakanin jak da mota?

Abu mafi kyau shi ne dunƙulen roba mai tauri da aka yi wa tsaga a tsakiya. Ana sayar da irinsa, amma ana iya yanka shi daga tsohuwar tayar babbar mota, mai kauri kamar yatsu biyu ko uku, a yanka masa tsagar da leɓen zai shiga. Game da zurfin tsagar, jak ɗin da ya zo da motar shi ne malami. Idan tsagarsa mai zurfi ce, to nauyin yana sauka ne a kan ƙarfen da ke gefen leɓen, sai a yi ta robar mai zurfi yadda leɓen ba zai taɓa gindinta ba. Idan kuma tsagar jak ɗin ba ta da zurfi, leɓen ne da kansa aka ƙarfafa don ya ɗauki nauyi, sai a yi tsagar robar ƙarama.

Katako ma yana aiki, da sharaɗi biyu. Na farko ya zama mai tauri irin maɗaci ko ƙirya, busasshe, marar tsagu. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, a ajiye shi yadda jijiyoyin itacen za su gitta leɓen. Idan aka jera su tare, leɓen zai yi aikin gatari, ya fasa katakon biyu a daidai lokacin da motar take sama. Kwali da tsumma da silifas suna kare fenti kawai, ba sa raba nauyi. Kada kuma a tara katakai biyu ko uku a saman jak don ƙara tsawo, domin suna zamewa a kan juna.

Yaya zan yi idan ƙasar wurin yashi ce ko laka?

Gindin jak ƙarami ne, kuma ƙasarmu ba ta taimaka masa. Gefen titi a hanyar Kware da Gwadabawa, ko ta Bodinga zuwa Tambuwal, a wurare da dama yashi ne kuma a gangare yake. Da damina, musamman a watan Agusta, ƙasar da take kamar ta bushe a sama tana iya zama laka a ƙasa, balle a kusa da fadamun Rima. Kwalta ma ba abin dogaro ba ce a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, domin tana laushi, gefe guda na gindin jak ya nutse ya karkata. Jak ɗin da ya karkata kuwa shi ne yake yage leɓe, ko ya zame ya huda daɓen mota, ko motar ta faɗo a kan farantin birki.

Maganin wannan ba shi da tsada: faffaɗan katako mai kaurin inci 2, mai faɗin kamar ƙafa guda ta kowane gefe, wanda zai zauna a but tare da safaya. A share yashin sama a daidaita wurin, a shimfiɗa katakon, a ɗora jak a tsakiyarsa. Idan wurin da tayar ta sace gangara ne, gara a matsa a hankali 'yan mitoci zuwa inda ya daidaita, ko da tayar za ta ƙara wahala, domin kuɗin taya bai kai na gyaran gefen mota ba.

Zan iya tokare motar da bulo ko duwatsu in shiga ƙarƙashinta?

Ba na goyon bayan wannan ko kaɗan, ko da yake na san ana yi kullum. Bulon siminti, ko mai inci 6 ko mai inci 9, an yi shi ne don ya ɗauki nauyin da ya bazu a kan dukkan fuskarsa a cikin gini. Idan ƙarfe ya danna shi a wuri guda, ba ya lanƙwasa ya ba da gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci guda. Jak shi kaɗai ma ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa, domin mai aiki da mai, irin na kwalba, yana iya saki idan robar cikinsa ta gaji, na almakashi kuma yana iya kifewa idan aka girgiza motar wajen kwance noti mai tauri. Wanda zai shiga ƙarƙashi yana buƙatar matokaran ƙarfe masu ƙafafu, a kafa su a wuraren da aka ƙarfafa, a sauke nauyin motar a kansu, sannan a girgiza ta da hannu a tabbatar ta zauna kafin kowa ya kwanta. Wannan magana ta shafi rai, kuma ta fi shafar yaran gareji, waɗanda su ake turawa ƙarƙashi.

Wane tsari zan bi idan taya ta sace a hanya?

A kashe inji, kowa ya fito daga motar ya tsaya nesa da titi, a ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku a baya da tazara mai kyau. A ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya, ko P a mota mai canja giya da kanta, sannan a tokare tayar da ke kusurwar da ke fuskantar wadda za a ɗaga (misali ta baya ta hagu idan ta gaba ta dama za a ɗaga) da dutse ko itace gaba da baya. Wannan tokarewa wajibi ce, domin birkin hannu a yawancin motoci tayoyin baya kawai yake riƙewa, giya kuma a motar da take ja da gaba ba ta riƙe ta sosai idan tayar gaba ɗaya ta bar ƙasa.

A sassauta notuna tun tayar tana ƙasa, domin fizgar sifana a kan motar da take sama ita ce take ture jak. A ɗaga jak da hannu har kansa ya taɓa motar, a tsaya a leƙa a ga leɓen ya shiga tsaga kuma jak ɗin yana tsaye a miƙe, sannan a ci gaba. Idan aka ji ƙarar ƙarfe yana lotsawa ko aka ga jak yana jirkicewa, a sauke a sake kafawa. Tayar da aka cire a kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar, domin idan jak ya zame ta tare faɗuwar. Ɗaurin ƙarshe na notuna sai bayan an sauke motar, ana tsallakawa daga noti zuwa wanda yake fuskantarsa maimakon bin su a jere, kuma a sake gwada su bayan tafiyar kilomita 50 ko makamancin haka.

Sai na sauke kaya kafin in ɗaga motar?

Ƙwarai kuwa. A jikin kowane jak an rubuta iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma wanda ya zo da ƙaramar mota an auna shi ne da nauyinta. Golf ko Sharan da aka cika da buhunan albasa ko gero ta wuce abin da jak ɗin da wurin kafa shi za su jure.

Motata ta Kwatano ce, kuma an ce ƙasanta yana da tsatsa. Me wannan yake nufi game da jak?

A Kanada da arewacin Amurka da sassan Turai ana zuba gishiri a kan tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, kuma wannan gishiri yana cin ƙarfe, musamman a haɗin gefen mota inda ruwa yake maƙalewa. Motar da ta yi shekaru a can tana iya zuwa da jiki mai sheƙi amma wuraren jak ɗinta sun ruɓe daga ciki. Kafin a saya, ko kafin a ɗaga ta karo na farko, a ƙwanƙwasa wuraren nan huɗu da gindin sifana. Ƙarfe mai lafiya yana ba da amo mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dushe yake, kuma ɓawon tsatsa yana zubowa. Sabon baƙin fenti mai kauri da aka fesa a ƙasan tsohuwar mota abin bincike ne, domin wani lokaci rufa-rufa ce. Idan wurin ya ruɓe, kada a kafa jak a kansa; a nemi bakanike ya nuna wani wuri mai ƙarfi a gindin ƙafar motar, a kuma kai ta wurin mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe mai kauri daidai.

Leɓen ya riga ya lanƙwashe. Yana gyaruwa?

Idan kwanciya kawai ya yi, ana miƙar da shi a hankali da filaya mai faɗin baki ko sifana mai daidaitawa, kaɗan-kaɗan, ba tare da kai shi da komo da shi ba, domin yawan lanƙwasawa yana karya ƙarfe. Bayan haka a goge wurin da buroshin waya, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bi shi da baƙin fentin ƙasan mota, amma kada a toshe 'yan ramukan da ruwa yake fita ta cikinsu. Gaskiya ne busasshiyar iskar Sakkwato ba ta cin ƙarfe kamar ta Legas, sai dai laka mai ɗanshi da ta maƙale a cikin buɗaɗɗen haɗi tun daga Yuni zuwa Satumba ta isa ta fara tsatsa. Idan fallayen sun rabu, ko gefen motar ya lotsa sama, ko ƙofa ta fara goga, aikin mai gyaran jikin mota ne. Kafin ya kunna wuta a cire kan batir, a ɗage kafet na ciki, a kuma duba inda bututun fetur ya bi.

Yaya zan yi wa mai faci magana ba tare da ya ji na raina sana'arsa ba?

Da yawa daga cikinsu sun san aikinsu, amma sau da yawa yaron da yake koyo ne yake kafa jak yayin da maigidansa yake kan wata taya. Bayan gaisuwa, ya isa ka ce, “Malam, don Allah bari in nuna wa yaron nan wurin jak ɗinta, ga kuma robar da nake sawa.” Ban taɓa ganin wanda ya ƙi irin wannan magana ba idan an faɗe ta da ladabi tun kafin a fara. Hajiyar da ba ta son durƙusawa a bakin titi za ta iya sa a shafa ɗan farin fenti a gefen motar daidai wuraren huɗu, sai ta nuna da yatsa kawai. Abin da bai kamata ba shi ne mai mota ya miƙa makulli ya tafi inuwa, domin minti na farko na ɗagawa shi ne lokacin da ɓarnar take faruwa.

Motoci masu batir fa?

A motocin da suke tafiya da lantarki zalla, babban batirin yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin daɓe, kuma lotsa shi yana iya jawo gobara, don haka ba a kafa jak sai a wuraren da kamfanin ya nuna. A masu haɗa fetur da batir irin Prius, wayoyi masu ruwan lemo da ke bi ta ƙasa suna ɗauke da wuta mai ƙarfi, kada jak ya kusance su. Motocin da suke daidaita tsayinsu da iska, kamar Range Rover, ana bin umarnin littafinsu a kan wannan na'ura kafin a ɗaga.

Shi kansa jak ɗin wace kulawa yake buƙata?

Da farko a tabbatar na motar ne, domin motocin da aka sayo na hannu sukan zo da jak ɗin wata mota dabam, wanda tsagarsa ko tsawonsa bai dace ba. A gwada shi a gida a ga yana ɗaga motar har tayar da take cike da iska ta bar ƙasa, tunda safaya mai iska ta fi wadda ta sace tsawo. Jak na almakashi yana son a wanke zaren sandarsa a shafa masa giris kaɗan, sannan a naɗe shi cikin buhu, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da giris tana cin zaren. Idan zaren ya fara cinyewa ko hannuwansa sun karkace, a canja shi. Na kwalba kuwa a ajiye shi a tsaye, a zuba masa man jak idan ya ragu, kada a sa masa man birki domin yana lalata robobin cikinsa. A ɗaga mota da shi a bar ta na minti biyu ana kallo, ba tare da kowa a ƙarƙashi ba. Idan tana sauka da kanta ko da kaɗan ne, sai an canja robobin kafin a sake amfani da shi.